Hausar Bariki da Yaƙin Duniya na Biyu

Hausar bariki, ko Barikanci, ita ce irin Hausar da sojojin mulkin mallaka na Ingila suka yi aiki da ita a Afirka ta Yamma. Tushenta yana komawa ga 1863, lokacin da Kyaftin John Glover ya tara wata 'yar ƙaramar runduna a Ikko (Legas) daga masu jin Hausa, akasarinsu bayin da suka tsere daga iyayengijinsu. A 1897 hafsan Ingila Lugga ya fara haɗa rundunar Afirka ta Yamma, wadda ita ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903. A wancan lokaci da Hausa ake tafiyar da harkar bariki, kuma ana bukatar hafsoshin Turawa su ci jarrabawarta. Amma yawancin waɗanda ake kira sojan Hausa ba Hausawa ba ne: akwai Barebari, Zabarmawa, Dakarkari, Angasawa da Tibi. A bakinsu harshen ya sauƙaƙa. Bambancin namiji da mace a nahawu ya dushe, ana cewa "ya zo" ko da mace ce, ɓ da ɗ da ƙ kuma suka koma b da d da k.

Da yaƙi ya ɓarke a 1939, wanda talakawa suka raɗa wa suna Yaƙin Hitila, sai neman kurata ya tsananta. Umarni yakan sauka daga Razdan zuwa fadar Sarkin Kano Abdullahi Bayero, daga nan ga hakimai da dagatai, har ya kai ƙauyukan manoma irin na ƙasar Kura da Bunkure. A takarda kowa da son ransa ya shiga. A zahiri an sha tura wanda ba shi da gata. Filin jirgin saman Kano kuwa ya zama zango a hanyar da jiragen yaƙin Ingila ke bi daga Takoradi zuwa Masar, tun daga 1940.

Fagen farko shi ne Gabashin Afirka, inda birged ta 23 ta Nijeriya ta ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya a Fabrairun 1941, ta zarce Harar a ƙasar Habasha. Babban aikin dai a Burma aka yi shi. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ta 81 ta yi artabu da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944, aka cire mata birged guda aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate, masu kutsawa bayan abokan gaba. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu wajen kama Myohaung. Dubban mutanensu ba bindiga suka riƙe ba, dako suka yi: albarusai da abinci a ka, cikin ƙungurmin daji da duwatsun da mota ba ta shiga.

Abin mamaki, wannan yaƙin ne ya sauke Hausa daga kujerarta. Rundunar Afirka ta Yamma ta kumbura, aka ɗebi direbobi da akawuna da ma'aikatan jinya daga Kudu, aka kuma kawo sababbin hafsoshi, har da 'yan ƙasar Polan, waɗanda ba su da lokacin koyon harshen. Janar George Giffard, babban kwamandan Afirka ta Yamma, ya nace a koma Turanci. Aka buɗe azuzuwa a bariki, kurtu yana koyon Turanci tare da fareti.

Nan ne Hausa ta yi babban kamu. Kusan duk sunayen muƙamai daga Turanci aka aro su, aka lanƙwasa su yadda bakin Bahaushe zai iya: farabiti, kofur, saja, samanja, laftana, kyaftin, manjo, kanar, janar. Inda baƙaƙe suka cunkushe sai a saƙa wasali ko a zubar da ɗaya, shi ya sa mai jin Turanci ba lalle ya gane asalin kurtu ko hafsa ba. Haka sintiri, gadirum, odale da bataliya. Wasu daga cikinsu sun girmi 1939, amma dawowar dubban sojoji ce ta watsa su kasuwa da ƙauye. Tsofaffin kalmomin yaƙi ba su mutu ba: bindiga da harsashi, waɗanda aka samo daga Larabci tun da daɗewa, sun zauna daram, runduna da dakaru da barade kuma suka sami sabon aiki a jarida. Ita kalmar bariki sai ta fita daga hannun soja, ta koma nufin zaman da ba ruwansa da tarbiyyar gida, kamar yadda ake ji a "ɗan bariki". Wannan kaɗai ya isa nuna irin kallon da jama'a suka yi wa sojan Turawa.

Wajen adana tarihi, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ce kan gaba. An fara buga ta a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita, kuma ta bi yaƙin da Hausa tun daga farkonsa, duk da cewa bakin gwamnati take magana da shi. Sa'adu Zungur ya tarbi masu dawowa da waƙarsa Maraba da Soja. Littattafan da suka biyo baya da Turanci suke, irin su War Bush na John Hamilton (2001), Fighting for Britain na David Killingray (2010), da ƙagaggen labarin Biyi Bandele, Burma Boy (2007). Muryar mazan jiya da kansu ita ce ta fi ƙaranci, domin kaɗan ne cikinsu suka iya rubutun boko, labaransu kuma a zaure suka tsaya. Sunayen fagagen da suka yi yaƙi da na dakarunsu sun fi wanzuwa a jikin barikoki: Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Badun, Dodan da Myohaung a Legas, Mogadishu a Abuja.