Torablot: Bikin Hunturun Makiyayan Aisilan

Jama'a, yau shirinmu ya kai mu tsibirin Aisilan, can arewacin Turai, inda a tsakiyar hunturu rana ba ta wuce awa huɗu a sama. 'Yan Baikin, matuƙa jirgin ruwa daga Nowe, su ne suka zauna wurin wajen shekarar 874, kuma da tumakinsu suka zo.

To, ga matsalar da kowane makiyayi zai gane. Ciyawar da suka yanka suka adana ba ta isar dukan garke har sanyi ya wuce. Saboda haka a watan Satumba sai a koro tumaki daga duwatsu, a ware na kiwo, a yanka saura. Nama ya samu, amma da me za a ajiye shi? Gishiri ya yi ƙaranci, domin babu isasshen itacen da za a dafa ruwan teku a fitar da shi.

Nan ne dabarar take. Suna yin wani kindirmo mai kauri, sikir, sai su tara ruwan tsamin da ya tsatso daga cikinsa a ganga, su nutsar da dafaffen nama ciki. Yana yin watanni bai lalace ba. Wani naman kuma a ƙyafe shi da hayaƙin busasshen kashin tumaki. Kan rago a babbake shi, a tsaga biyu, a dafa. Har 'ya'yan marainan rago ba a zubarwa, cikin tsamin nan suke shiga. Kifi kuwa iska ke busar da shi. Kun ga ai abincin wahala ne, ba na alfahari ba.

Sunan bikin daga Tori yake, watansu na tsananin sanyi, wanda ke kamawa ranar Juma'a tsakanin 19 da 25 ga Janairu. Amma fa kada a ce muku haka ake yinsa tun zamanin Baikin. Tsohon bikin ya shuɗe bayan sun karɓi Kiristanci wajen shekara ta 1000. Ɗaliban Aisilan da ke karatu a Kofanhagan ne suka farfaɗo da shi a 1873, lokacin ƙasarsu na ƙarƙashin Danmak. Jera abincin nan cikin akushin katako kuwa, wani gidan abinci mai suna Naustid ne ya fara shi a babban birninsu a 1958, don mutanen ƙauye da suka koma birni suna kewar girkin gida.