Tafiyar da Ba a Yi Ba: Yadda Kyamara ta Shiga Jakar Matafiyi

A ƙarshen shekarar 1877, wani akawun banki mai shekara 23 a birnin Rochester na jihar New York ya ƙudurci tafiya Santo Domingo, can a yankin Karibiyan. Sunansa George Eastman. Wani abokin aikinsa ya ba shi shawara ya tafi da kyamara domin ya dawo da shaidar abin da idonsa ya gani. Ya karɓi shawara ya je sayayya, sai ga shi ya dawo da kaya niƙi-niƙi: ƙaton akwatin katako, da sandunan girke shi, da farantan gilashi, da kwalaben sinadarai, da tulun ruwa, har da tanti mai duhu. Daga baya shi da kansa ya kwatanta su da kayan da sai doki ne zai iya ɗauka. Ya kuma biya dala 5 aka koya masa aiki da su. Tafiyar dai ba ta yiwu ba, amma haushin nauyin kayan ya zauna masa a rai, kuma daga wannan haushi ne al'adar ɗaukar hoton yawon buɗe ido ta samo fasalin da aka san ta da shi.

Sai an san yadda ake ɗaukar hoto a wancan zamani za a gane dalilin tantin. Hanyar da ake yayi ita ce wadda Baturen Ingila Frederick Scott Archer ya fito da ita a 1851. Mai hoto zai shafa wa farantin gilashi wani sinadari mai danƙo, ya tsoma shi cikin ruwan azurfa a cikin duhu, ya sa a kyamara, ya ɗauka, ya koma duhu ya wanke, duka kafin farantin ya bushe, wato cikin minti goma zuwa sha biyar. Wanda yake son hoton dutse dole ya hau dutsen da ɗakin wankinsa. Francis Frith, wanda ya ɗauki hotunan dalar Masar daga 1856, ya sha fama da sinadaransa suna tafasa saboda zafin tantin. Muhammad Sadiq Bey, injiniyan sojan Masar, da irin waɗannan farantai ya ɗauki hotunan Madina a 1861, sannan ya ɗauki na Makka a 1880 lokacin da ya raka ayarin alhazan Masar. William Henry Jackson kuwa alfadarai ne suka ɗaukar masa kaya zuwa Yellowstone a 1871, kuma hotunansa suna cikin abubuwan da aka nuna wa 'yan majalisar Amurka kafin su keɓe wurin ya zama gandun ƙasa a 1872. Duk cikinsu babu ɗan yawon shaƙatawa. Kowannensu yana da gwamnati ko kasuwa a bayansa, domin hoton ƙasa da tsaunuka aiki ne na masu hali da masu juriya.

Eastman ya karanta a mujallun Ingila cewa ana gwada busasshen faranti, wanda wani likita, Richard Leach Maddox, ya bayyana a 1871. Ya riƙa aikin banki da rana, da dare yana dafe-dafen sinadarai a kicin ɗin mahaifiyarsa, har kusan shekara uku. A 1880 ya fara sayar da busassun farantai, a shekara mai zuwa ya ajiye aikin banki. Bayan ya rabu da tanti, sai ya koma neman rabuwa da gilashin ma, ya maye gurbinsa da fim mai naɗuwa.

A 1888 ya fitar da kyamarar da ya laƙaba wa suna Kodak, kalmar da ya ƙirƙira da kansa kuma ba ta da ma'ana a kowane harshe. Ɗan akwati ne da ake riƙewa a hannu, kuɗinsa dala 25, yana zuwa da fim na hoto 100 a ciki. Ba shi da madubin leƙe, sai mutum ya fuskantar da shi wajen abin da yake so, ya danna, ya yi fatan alheri. Idan fim ya ƙare, sai a aika kyamarar ɗungurungum zuwa Rochester tare da dala 10, a wanke, a buga hotunan, masu zagaye kamar faifai, a ɗura sabon fim a mayar wa mai ita. Taken tallar shi ne: kai dai danna maɓalli, sauran aikin namu ne.

Babbar dabarar Eastman tana cikin wannan rabon aiki. Ya raba ɗaukar hoto da wankin hoto, abubuwa biyu da a da mutum ɗaya yake yi, ya riƙe mai wahalar kuma mai ribar. Duk wanda ya taɓa kai fim wajen masu wanki ya yi kwanaki yana jiran ganin ko fuskarsa ta fito, a cikin tsarin da aka kafa a 1888 ya yi wannan jira. Sai dai dala 25 ta fi ladan leburan masana'anta na mako biyu, don haka kyamarar farko ta tsaya a hannun masu abin hannu. A 1900 aka fito da Brownie, akwatin kwali na dala 1 da fim na santi 15, aka kuma tallata shi ga yara. An sayar da fiye da 100,000 a shekarar farko. Ribar tana cikin fim, domin sau ɗaya ake sayen kyamara, fim kuwa kullum ƙarewa yake yi.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Jaridu sun yi ta kuka da masu laɓewa a bakin teku suna ɗaukar mutane ba da izini ba, kuma a 1890 lauyoyi biyu na Boston, Samuel Warren da Louis Brandeis, sun rubuta shahararriyar maƙalarsu kan haƙƙin sirri, inda suka lissafa hoton nan-take cikin abubuwan da suke barazana ga rayuwar cikin gida.

Kamfanin da yake rayuwa da sayar da fim yana da damuwa ɗaya: mutum ya sayi kyamara, ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa da ƙofar gidansa, sannan ya jefa ta a akwati. Dole a samar masa dalilin fito da ita, kuma babu dalilin da ya kai tafiya. Zamani ma ya taimaka. Motar Ford mai araha ta fito a 1908, an bar motoci su shiga Yellowstone a 1915, an kafa hukumar gandayen ƙasa ta Amurka a 1916. Tun 1903 Kodak yana sayar da kyamarar da hotonta daidai yake da girman katin gidan waya, don matafiyi ya liƙa kan sarki ya aika gida. Daga 1920 kamfanin ya tura ma'aikatansa suna bin hanyoyin mota suna neman wuraren da suke da kyan gani, suna kafa alluna masu sanar da direba cewa akwai wurin hoto a gaba. Dubban irin waɗannan alluna aka kafa. Bayan shekaru aka yi irinsu a Disneyland, suna nuna wa baƙo daidai inda zai tsaya.

Abin da aka yi a Hawai ya fi wannan. Rawar gargajiya ta hula da dare ake yi wa baƙi a otal-otal, fim ɗin lokacin kuma ba ya ɗaukar duhu. A 1937 wakilin Kodak a Honolulu, Fritz Herman, ya shirya wasan hula na rana tsaka a Waikiki, kyauta, a fili mai hasken da ya dace da fim. Wasan ya ci gaba har 2002. Miliyoyin baƙi sun koma gida da hoton al'adar Hawai, alhali an tsara lokacinta da wurinta ne domin kyamarorinsu.

Launi ya ƙara wa abin armashi. Makaɗa biyu, Leopold Mannes da Leopold Godowsky, masu goge da fiyano waɗanda suka mayar da ilmin sinadarai abin sha'awarsu, su ne suka ƙirƙiro fim ɗin Kodachrome. Ya fito a 1935 don silima, a 1936 kuma don ƙananan hotunan da ake haskawa a bango da majigi. Ja da shuɗinsa sun yi ƙarfi har mutane suka fara ganin sararin sama na gaske bai kai na hoto ba. A 1948 wata tawagar National Geographic ta ratsa wani kwari mai jajayen duwatsu a jihar Utah ta sa masa sunan fim ɗin, kuma har yau Kodachrome Basin ake kiransa. A tashar jirgin ƙasa ta Grand Central da ke New York, kamfanin ya kafa wani makeken hoto mai haske, ƙafa 18 a tsaye da 60 a kwance, ana sauya shi a kai a kai daga 1950 zuwa 1990. Yawancin abin da yake nunawa iyali ne a gaban tafki ko tsauni, kuma sau da yawa ɗaya daga cikinsu yana riƙe da kyamara. Darasi ne a fili ga dubban masu wucewa kullum: haka hutu yake, haka kuma ake ɗaukarsa.

Akwai waɗanda wannan darasi bai lissafa da su ba. Katin da masu wanki suke daidaita launi da shi, wanda ake kira katin Shirley, hoton farar mace ne, kuma an daɗe fim yana dusar da fuskar baƙar fata, musamman idan ta tsaya kusa da fara ko a gaban sarari mai haske. Binciken malama Lorna Roth ya nuna cewa koken kamfanonin kayan katako da na cakulan, waɗanda launin hajarsu ba ya fitowa daidai a talla, yana cikin abin da ya sa aka gyara.

Masana ba su yi wa mai hoton hutu da sauƙi ba. Pierre Bourdieu, a binciken da ya jagoranta a Faransa aka buga a 1965, wanda reshen Kodak na ƙasar ya ɗauki nauyinsa, ya nuna cewa hoton talaka yana bin ƙa'idoji masu tsauri ba tare da mai shi ya sani ba: biki, hutu, iyali a jere suna kallon kyamara, sanannen gini a baya. Susan Sontag a 1977 ta ce kyamara tana kwantar wa Jamusawa da Japanawa da Amurkawa hankali a lokacin hutu, domin tana ba su abin da ya yi kama da aiki. Akwai gaskiya a cikin sukar. Hasumiyar Eiffel guda ce, kuma hoto na miliyan da aka ɗauke ta daga wuri ɗaya bai ƙara wa kowa sani ba.

Amma sukar ta tsaya ne kan abin da mai hoton ya nufa, ta bar abin da ya shigo masa ba da niyya ba. Charles Cushman, mutumin jihar Indiana wanda hoto ba sana'arsa ba ce, ya yi ta yawo da mota da kyamara daga 1938 zuwa 1969. Ya bar hotunan Kodachrome kimanin 14,500 ga Jami'ar Indiana, tare da littattafan da ya rubuta rana da wurin kowane hoto. Ya ɗauki tsaunuka da furanni da faɗuwar rana kamar kowa. Ya kuma ɗauki kasuwar titin Maxwell a Chicago, da unguwannin talakawa na New York, da tsofaffin gidajen da aka rushe daga baya da sunan sabunta birane. Hotunan sun yi shekaru a ajiye kafin jami'ar ta sa su a intanet a farkon shekarun 2000. Masu tarihi a yau ba tsaunukan suke nema a ciki ba, domin tsaunukan suna nan. Suna neman allon shago, da farashin da aka rubuta a jikin taga, da suturar yaron da ya ratsa gaban kyamara. Ƙwararrun wancan zamani da fari-da-baƙi suka fi aiki, saboda haka launin waɗannan tituna a shekarun 1940 galibi a hannun 'yan sha'awa irinsa ya tsira. Abin da ya ɗaga Cushman sama da dubban takwarorinsa shi ne littattafan nan nasa, domin hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba, ko yaushe, rabin shaida ne.

Faɗuwar kamfanin daga cikin gidansa ta taso. A 1975 wani injiniyansa, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta buƙatar fim. Nauyinta ya haura kilo 3, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta naɗi hoto ɗaya fari-da-baƙi a kaset. Shugabannin kamfanin ba su yi ɗokin abin da zai kashe musu kasuwar fim ba, wasu kamfanoni suka yi gaba da shi, daga baya wayar hannu ta haɗiye kyamarar baki ɗaya. A watan Janairun 2012 Kodak ya shigar da takardun fatara. Allunan gefen hanya sun ɓace, sai dai aikinsu bai mutu ba: yanzu Instagram ne yake nuna wa matafiyi inda zai tsaya, kuma a wasu wuraren layi ake bi kafin a samu tsayawa a gurbin.

An daina yin Kodachrome a 2009. Wankinsa yana da sarƙaƙiya ƙwarai, domin ba a cikin fim ɗin launin yake ba, a lokacin wanki ake shigar da shi mataki-mataki, kuma zuwa 2010 ɗakin wanki ɗaya ya rage a duniya mai iya yi, wato Dwayne's Photo a ƙaramin garin Parsons na jihar Kansas. Da aka sanar cewa a ƙarshen Disambar shekarar za a daina karɓa, sai fina-finai suka yi ta kwarara daga ƙasashe daban-daban, wasu an tono su ne daga durowa bayan shekaru da mutuwar waɗanda suka ɗauka. Waɗanda ba su iso kan lokaci ba har yanzu ana iya wanke su, amma fari-da-baƙi kawai suke fitowa.