Dangantakar Adalci da Dimokuraɗiyya

Dimokuraɗiyya ita ce tsarin mulkin da jama'a ke zaɓen shugabanninsu ta hanyar ƙuri'a. Adalci kuwa shi ne bai wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Tun zamanin da, masana ke muhawara kan ko samuwar ɗayan na tabbatar da ɗayan.

A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kotun jama'a ta birnin Atina a ƙasar Girka ta yanke wa malami Sokratis hukuncin kisa da rinjayen ƙuri'a. Almajirinsa Aflatun ya soki mulkin masu rinjaye, domin a ganinsa yawan mutane ba ya mayar da kuskure gaskiya. A shekarar 1971, masanin Amurka John Rawls ya kawo wani ma'auni: doka mai adalci ita ce wadda mutum zai amince da ita tun bai san ko zai kasance attajiri ko talaka ba. A ƙasar Hausa ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya yi tir da harajin zalunci da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara.

Kundin tsarin mulkinmu na 1999 ya haɗa biyun wuri guda. Sashe na 14 ya kafa ƙasa bisa dimokuraɗiyya da adalcin zamantakewa. Sashe na 42 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, addini, jinsi ko ra'ayin siyasa. Sashe na 7 kuma ya tanadi zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓu ya saɓa wa doka.

Abin da wannan ke nufi gare mu shi ne, cin zaɓe ba ya halatta hana wata mazaɓa rijiyar burtsatse ko takin zamani don ba ta zaɓi shugaban ƙaramar hukuma ba. Ƙuri'a tana nuna wanda zai riƙe amana. Doka da kotu ke sa masa iyaka. Muna kira ga kansiloli da dagatai da masu unguwanni da su riƙa sauraron marasa rinjaye, kuma duk wanda aka tauye masa haƙƙi yana da ikon kai ƙara kotu.