Iyaka Mai Tafiya: Tarihin Lissafin Narkewa da Daskarewa

Mai sana'ar ƙanƙara a Moshi Zango da maƙerin zubi a Suwame, dukansu a birnin Kumasi, tambaya ɗaya ce ke gabansu: yaushe abu mai ruwa-ruwa zai gama daskarewa har cikinsa? Masana sun shafe fiye da ƙarni guda kafin su mayar da amsar lissafi.

A wajajen 1761, Joseph Black na Jami'ar Gilasgo ya gano cewa ƙanƙara tana shan zafi mai yawa yayin narkewa, amma ma'auni ba ya motsawa daga digiri 0. Ya kira shi ɓoyayyen zafi. Zafin da ke narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara zai iya kai kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa kusan 80. A 1822 kuma, Joseph Fourier na Faransa ya wallafa lissafin yadda zafi ke ratsa abu.

Sai dai wani ƙulli ya rage. Iyakar da ke tsakanin ruwa da daskararren ɓangare tafiya take yi, kuma zafin da ke fita ta wurinta shi ke ƙayyade saurinta. Lamé da Clapeyron sun tunkari matsalar a 1831. A 1889, Josef Stefan na Jami'ar Biyana ya gwada lissafinsa da awon ƙanƙarar tekun ƙuryar arewacin duniya, shi ya sa matsalar take ɗauke da sunansa har yau.

Sakamakon mai sauƙin riƙewa ne: idan ana son kaurin ƙanƙara ya ninka biyu, lokacin zai ninka kusan huɗu, domin ɓawon da ya riga ya daskare yakan zama bargo mai tare hanyar zafi. Wannan ne dalilin da babban curin ƙanƙara ke cin wutar lantarki na dogon lokaci, kuma idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, sai a tarar da cikinsa ruwa ne tsundum.

A 1940, Nicolas Chvorinov ya kai irin wannan ƙa'ida maƙera. Alminiyum yana narkewa a digiri 660, kuma a cikin zubi, sashe mai kauri shi ke daskarewa ƙarshe. A nan ƙarfen ke tsukewa ya bar rami. Saboda haka gwanin maƙeri yake daidaita kaurin bangon tukunya, ya kuma bar rarar narkakken ƙarfe a bakin zubi don ta ciyar da wurin da bai kama ba tukuna.