Tura hoton tsiraicin wani: abin da doka ta tanada

Ni ɗan Potiskum ne, mahaifina fataucin shanu yake yi zuwa Kudu. A zaman kara, ko a gida ko a Legas, na sha jin samari na cewa, "Ai ba ni na ɗauka ba, turo min aka yi, na tura gaba." Wannan hujja ba ta fid da mutum a kotu.

Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tarayya ce. Yadda ta hau kan wanda ke Potiskum, haka ta hau kan wanda ke Agege, Sabon Ibadan ko Lokpanta. Babbar Kotun Tarayya ce ke shari'ar, kuma akwai ta a Damaturu.

Sashe na 24: wanda da saninsa ya tura saƙon batsa ta waya ko kwamfuta, hukuncinsa ɗauri har shekara 3, ko tara har naira miliyan 7, ko duka biyun. Wanda ya yi barazanar ɓata sunan wani don ya karɓi kuɗi, shekara 5 ne, ko tarar miliyan 15, ko duka.

Sashe na 23: in wanda ke cikin hoton bai kai shekara 18 ba, yaɗawa na iya kai mutum shekara 10 ko tarar miliyan 20. Ajiyewa kawai a waya ma laifi ne, har shekara 5.

In abin ya faɗa kanki ko kan ƙanwarka, kar a biya ko sisi, mai barazana ba ya ƙoshi. Kar a goge saƙonnin, a ɗauki hotonsu da lambar wayar, a kai wa 'yan sanda, suna da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja. Shafin StopNCII na taimaka wa 'yan shekara 18 zuwa sama su toshe hoton a Facebook, Instagram da TikTok, ba tare da hoton ya bar wayarsu ba.

Sannan iyaye, wadda aka tona wa asiri ita aka zalunta. Duka da kora sai su sa ta yi shiru, mai laifin ya sha. In irin wannan ya shigo wayarka, kar ka tura ko da sunan "a gyara". A kanka ya tsaya.