Tarihin magani kyauta da tallafin talakawa a Nijar: wa ke biya?

Tambayar da ta fi daɗewa a fannin kiwon lafiya a Nijar ita ce: wa zai biya kuɗin magani, maras lafiya ko gwamnati? Tun samun ƴancin kai a 1960 amsar ta sauya sau da dama, kuma kowane sauyi ya taɓa aljihun mutanen karkara, irin na Dogon Kiriya da ke arewacin gundumar Dogon Dutsi, da sauran garuruwan Arewa a jahar Doso.

Daga mulkin mallaka zuwa shekarun 1980

Aikin likita na gwamnati gadon Faransa ne. A 1905 ta kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa a yankunanta na Afirka ta Yamma, amma galibin likitocin suna zaune ne a manyan garuruwa. Bayan ƴancin kai aka ci gaba da duba mutane kyauta a ɗakunan shan magani, aka kuma soma horar da ungozomomi da masu agajin farko a ƙauyuka. A 1965 aka kafa asusun CNSS, sai dai na masu albashi ne. Manomi da makiyayi ba su ciki. A 1970 aka buɗe ma'aikatar OPVN don ajiyar cimaka.

Da farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, baitulmali ya shiga matsi. Duba maras lafiya kyauta ne, amma magani babu: a rubuta wa mutum takarda, ya tafi farmasi ya saya da kuɗinsa.

Shirin Bamako da gwajin Boboye

A 1987 ministocin kiwon lafiya na Afirka suka taru a Bamako tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. Suka amince maras lafiya ya riƙa biyan ɗan abu, a juya kuɗin a sayo magani don kada ya yanke.

Nijar ta gwada wannan a 1993 ta hanyoyi biyu. A Sayi, baligi yana biyan sefa 200 a kan kowace rashin lafiya, yaro ƙarami sefa 100. A Boboye cikin jahar Doso kuwa, an ƙara sefa 200 a kan harajin shekara, sannan idan mutum ya je likita ya biya sefa 50 kawai, yaro sefa 25. Wato a Boboye mai lafiya yana ɗaukar wa maras lafiya kaya. Masu zuwa likita sun ƙaru a can, musamman talakawa. Duk da haka, bayan dokar 1995 da ta shimfiɗa tsarin biyan kuɗi a ƙasa baki ɗaya, biya a bakin ƙofa ne ya fi bazuwa. Magani ya samu, amma wanda ba ya da ko dala ya zauna gida, ga shi kuma an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994.

Ɗakunan ƙauye da magani kyauta

Daga 2001 shirin musamman na shugaba Mamadu Tanja ya gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a ƙauyuka, da kuɗin da aka samu daga yafe wa ƙasar bashi. Matakan da aka sani yau ke nan: ɗakin ƙauye, sai CSI, sai asibitin gunduma kamar na Dogon Dutsi, sai babban asibitin jaha a Doso, sannan asibitocin ƙasa.

A 2005 aka mai da fiɗar haihuwa kyauta. A 2006 aka ƙara da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da magungunan tazarar haihuwa. A 2007 aka sa cutar dajin mama da ta mahaifa. Binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Masu binciken sun danganta hakan da kusanto da likita ga jama'a, da cire kuɗi, da rabon gidan sauro, da yaƙi da tamowa.

Inda gizo ke saƙa shi ne hanyar biya. CSI tana duba yaro ba tare da karɓar kuɗi ba, ta cika takardu, ta aika sama, ta jira gwamnati ta mayar mata. Mayarwar takan yi jinkirin watanni, wani lokaci shekaru. Idan kuɗi ba su dawo ba, ba a iya sake sayo magani, sai uwa ta fito riƙe da takardar farmasi kamar dā. Don warware wannan aka kafa hukumar INAM mai kula da biyan waɗannan kuɗaɗe.

Tallafin kuɗi ga gidaje

Yunwar 2005 da ta 2010 sun nuna cewa agajin gaggawa da sayar da hatsi da rahusa ba su isa ba, tun da kafin agaji ya iso magidanci ya riga ya sayar da bisashensa. A 2011 Nijar ta ɗauki manufar ƙasa ta kare marasa galihu, ta kuma soma shirin tallafin kuɗi da dala miliyan 70 na Bankin Duniya, a jahohin Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram. A kashin farko na shirin, gidan da aka zaɓa ya riƙa karɓar jika 10 kowane wata har wata 24, kuma mace ce ke karɓa. Ana haɗa shi da faɗakarwa a kan shayar da nono zalla, tsabta da rigakafi, ana kuma ƙarfafa mata su shiga adashi. Tibiri da Gesheme suna cikin ƙananan hukumomin da suka amfana tun zagayen farko. Wani ɓangaren shirin yana biyan ladan aikin rayar da fako da rani. Kashi na biyu shi ne wanda aka sa wa suna Wadata Talaka.

Halin da ake ciki

Daga 1 ga Satumba 2024 gwamnatin Janar Abdurahaman Tchiani ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati, ta kuma mai da haihuwa kyauta. Ga mazaunin Dogon Kiriya, wannan ya rage abin da ake biya a likita, amma bai ɗauke nisan hanya, kuɗin mota da ciyar da mai jinya a Dutsi ko Doso ba. Ma'aunin kowace sanarwa ɗaya ne tun 2006: ko kuɗin da gwamnati ta ɗauki alkawari suna isa CSI a kan kari, kafin damina ta kawo zazzaɓin cizon sauro.