Asalin Kurakuran Saiti wajen Gina Manhajar R daga Tushe

Manhajar ƙididdiga ta R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara rubutawa a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1990, ta gaji tsarinta ne daga harshen S, wanda John Chambers da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka a shekarar 1976. Da farko S hanya ce kawai ta kiran ayyukan lissafi da aka riga aka rubuta da harshen Fortran, kuma wannan gadon ne ya sa har yau mai son gina R daga tushe, wato daga rubutun umarnin da ɗan Adam ke iya karantawa, ba ya wadatuwa da kwamfaila ɗaya. Kwamfaila ita ce manhajar da ke juya wannan rubutu zuwa abin da inji zai iya aiwatarwa, kuma R na buƙatar ta harshen C tare da ta Fortran, domin taskokin lissafi irin su BLAS da LAPACK, waɗanda take dogaro da su, da Fortran aka rubuta su.

Al'adar saiti kafin gini ta samo asali ne daga rarrabuwar tsarin Unix, lokacin da kowane kamfani ke sayar da nasa nau'in, da kwamfailarsa da wuraren ajiye fayilolinsa. A 1991 David MacKenzie ya fara Autoconf, wadda ke samar da fayil mai suna configure. Aikin wannan fayil gwaji ne: yakan rubuta ɗan gajeren shiri, ya miƙa wa kwamfaila, ya ga ko ta karɓa, sannan ya rubuta sakamakon a config.log kafin ya wuce zuwa gwaji na gaba. A nan ne wahalar take, domin saƙon da ke fitowa a allo sunan gwajin da ya faɗi kawai yake ambata, ba dalilin faɗuwarsa ba. Idan aka ce kwamfailar C ta kasa samar da shiri mai aiki, sau da yawa lafiyarta ƙalau, laifin na wani zaɓi ne da aka saka mata ba daidai ba, ko na wata taska da ba a samu a inda aka nema ba. Shi ya sa gogaggu a wannan sana'a ba sa tsayawa kan saƙon allo, config.log suke buɗewa su nemo ainihin umarnin da aka gwada da amsar da kwamfaila ta bayar.

Wani lokaci ma gwajin ne da kansa ke da aibi. Daga fitowar R 3.3.0 a 2016 aka daina haɗo taskokin matse bayanai irin su zlib da bzip2 a cikin tushen manhajar, aka bar wa kowace kwamfuta ta samar da nata, abin da ya jefa masu aiki da tsofaffin injinan jami'o'i cikin neman sababbin taskoki. Da zlib 1.2.11 ta fito a farkon 2017, sai configure ta ƙi ta, bisa zargin ba ta kai 1.2.5 ba, saboda gwajin yana kwatanta lambobin harafi da harafi ne, ya ga 1 bai kai 5 ba, bai lura goma sha ɗaya ake nufi ba. Mutane da dama sun yi ta sake girka taskar da ba ta da laifin komai kafin a gyara gwajin.

Mahaɗar C da Fortran kuwa ita ce ta fi daɗewa tana ba da ciwon kai. Kwamfailocin Fortran ba su yi ittifaƙi kan yadda ake rubuta sunan aiki ba, wasu na ƙara ɗan layi a ƙarshensa, wasu ba sa ƙarawa, don haka dole configure ta gano al'adar kowacce. A 2005 kwamfailar gfortran ta maye gurbin g77, lamarin da ya canza sunayen taskokin da ake haɗawa. A 2019 kuma sababbin nau'o'in gfortran suka tona wata tsohuwar ɗabi'a ta masu rubuta C, wadda shekaru da dama ba ta cutar da kowa ba: sukan kira LAPACK ba tare da faɗin tsawon harafin da suka aika ba, alhali Fortran na sa ran a faɗa. Wannan ya fi kuskuren saiti haɗari, domin ginin yakan kammala lafiya, sai ana tsakiyar lissafi shirin ya rushe, kuma sai da masu kula da R suka sauya yadda ake wannan kira. Kamfanin Apple bai saka kwamfailar Fortran cikin kayan aikinsa na Xcode ba, saboda haka da ya koma amfani da na'urorin sarrafawa na kansa a 2020, sai da aka nemo gfortran mai dacewa da su kafin R 4.1.0 ta fito musu a 2021.